Sau Uku a Rana

Ni fa ba na ɓoye wa kowa, a karatun magunguna na fi taubashiyata, ɗiyar gwaggona, nesa ba kusa ba. Ajinmu ɗaya a Dutsin-Ma, ɗakinmu ɗaya. Ni ce mai hardace yadda magani ke shiga jini, awa nawa yake yi kafin ƙarfinsa ya ragu, da yadda hanta da ƙoda ke fitar da shi. Ita kuwa da ƙyar da jiɓin goshi take haye jarrabawa. In an kai mu asibiti koyon aiki, ba abin da ta iya sai zaman hira da tsofaffi. Ina ce mata mai ƙwaƙwalwar kifi, tana ce mini likitar takarda.

Abu ɗaya nake nema a lokacin: Inna, mahaifiyata, ta yarda ɗiyarta ta san magani. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta kamawa, balle ta yabe ni.

Da damina kututturen kara ya soke ta a ƙafa, ƙafar ta kumbura ta yi ruwa. A asibiti can gida Kurfi aka rubuta mata kafso. Na ce to, ga ranata ta zo. Na zo gida na zaunar da ita, na yi ta zuba bayanin ƙwayoyin cuta, sannan na ce, "Inna, sau uku a rana, har kwana bakwai. Kada ki tsallake ko ɗaya." Ta ce ta ji. Na koma makaranta ina jin kaina.

Bayan kwana huɗu muka zo duba ta, ni da taubashiyata. Ƙafa tana nan yadda na bar ta, ga Inna na kukan tashin zuciya. Na ƙirga kafson, daidai, ba ta tsallake ba. Har na fara cewa ƙwayoyin cutar sun bijire, sai an canza magani. Taubashiyata ba ta ko kalle ni ba. Ta zauna a tabarma, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta ce, "Inna, wai da wane lokaci kike sha?"

Inna ta ce, "Da hantsi ɗaya, in rana ta take ɗaya, sai ɗaya kafin la'asar. Ai ita ta ce a rana. Jiya ma da hadari ya taso sai da na yi sauri na haɗiye na ukun, kada ranar ta ɓace mini."

Innalillahi! Ashe tun daga la'asar har hantsin gobe jikinta ba magani, da rana kuma ta jibga uku kusa da kusa. Ni da na fi kowa sanin dalilin raba awa takwas-takwas, ni na faɗi kalmar.

Taubashiyata ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Inna, rabu da likitar takarda. In kin sallame Asuba, ɗaya. Azahar, ɗaya. Na ukun bayan Isha'i, in za ki kwanta." Shi ke nan fa. Kafin mako ya zagayo Inna na taka ƙafarta.

Na yi murna da sauƙin, Allah ya sani. Amma wallahi kishi ya ci ni, har abinci na daina ci da yarinyar nan a kwano ɗaya. Duk wadda ta shigo gidanmu sannu, sai Inna ta ce, "Ai ɗiyar gwaggonsu ce, hannunta da albarka." Hannu! Me hannun ya yi? Tambaya ɗaya tak. Da sakamako ya fito na zo ta ɗaya a ajinmu, abin da Inna ta ce kawai, "Madalla."

Yanzu shekaruna da yawa ina ba da magani, kuma ban sake ce wa kowa "a rana" ba, da salloli nake kwatance. Bara likita ya ɗora Inna a kan maganin hawan jini. Ni na kawo mata da hannuna, na durƙusa na ce, "Inna, ƙwaya ɗaya kullum, in kin sallame Asuba."

Ta juya kwalin, ta dube shi gaba da baya, ta ce, "To, Allah ya yi albarka. Ajiye mini a bisa taga, ranar kasuwa ɗiyar gwaggonku za ta zo ta duba mini."