Nan, Tare, Shuga

Babana ya yi ƙuruciyarsa yana riƙe da rediyon wani jirgin ruwa mai jan jirage a Bur Sudan, daga baya a tashar Jidda. Ya bar aikin tuntuni, amma har yau in ya kira ka a waya sai ya fara da lambar kiran tsohon jirginsa, wanda na tabbata an daɗe da yanka shi an sayar da ƙarfen. Kuma ba ya faɗin harafi kai tsaye. Kowane harafi da kalmarsa, ba ma irin ta yanzu ba, Alfa da Birabo, sai tsohon tsarin da wani bahari, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, ya koya masa: Ebul, Beka, Cali.

Wata rana ina sito a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanonin Jidda, muna sauke kaya, ya kira. Hayaniya ta cika wayar, yana haki.

"Bab Makka! Nan, Tare, Shuga!" Ya jero wasu lambobi, layin ya katse.

Baba yana da ciwon suga. Abin da na ji shi ne yana nan tare da wani a kasuwar Bab Makka, sugansa ya tashi, lambobin kuwa na awo ne. Na kira ya fi a ƙirga, wayar ba ta shiga. Na ce wa mudir, shugaban sitonmu, babana ya faɗi a kasuwa, ya ce yalla, tafi. Na tsaga cunkoson azahar ina salati.

Na same shi zaune a shagon wani mai yadi, ya miƙe ƙafa yana shan shayi.

"Ka rubuta?" ya tambaye ni.

"Na rubuta me, Baba?"

"Lambar tasin mana! Na manta ledar yadina a ciki, na bi shi da gudu. N, T, S."

"To me ya hana ka ce N, T, S?"

Ya dube ni da tausayi. "A hayaniya? Ai sai ka ji ba daidai ba."

Ledar ma tana gefensa, direban ya dawo da ita tun kafin in baro sito, wayar kuma tana aljihu ba caji.

Washegari abokan aiki suka yi ta zuwa yi mini jaje. Mudir har da ba ni sunan wani likita. Kowa na ce masa da sauƙi, alhamdu lillahi.