A Kasuwa Ka Faɗa, a Kasuwa Za Ka Janye

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Malam Sabi'u, kuma wallahi har yau zuciyata ba ta huce ba. Masu cewa in bar wa Allah, na bar masa, amma ban yafe ba.

Makarantarsa ta kwana tana wani ƙauye tsakanin Zango da Baure, ni ce mai girka wa ɗalibai abinci. Akwai Barebari, Yarbawa, Nufawa, har 'yan Nijar. Idan hutun Babbar Sallah ya zo, sai ya haɗa su biyu-biyu: bana ka ci layya a gidan abokinka, baɗi ya ci a naku. Yakan ce min, "Ladi, so nake yaron nan ya san uwar wancan."

Sai wani malami maƙwabcinmu, da ya ga ɗalibansa sun ragu, ya tsaya ranar kasuwa ya ce wai Yaya tura 'ya'yan mutane Kudu yake ana ɓata musu aƙida. Iyaye suka yi ta zuwa a babura suna kwashe yaransu. Na tuƙa tuwo tukunya guda, babu mai ci. Yaya bai ƙara shekara ba hawan jini ya kayar da shi.

Bara rikici ya tashi a wata kasuwar shanu a Kudu, aka biyo ɗan wannan malamin da ya kai dabbobi. Wa ya ɓoye shi? Tajuddin, Bayaraben ɗalibin Yaya, wanda ya taɓa cin layya a gidan abokinsa a Mashi. Da Hausa ya kira shi, ya tura shi ɗakin mahaifiyarsa.

Da Yaya na raye, murmushi zai yi ya ce alhamdulillahi. Ni ba shi ba ce.

Bayan haka malamin nan ya zo zaurenmu yana sunkuyar da kai. "Hajiya, a yafe mini, sharrin shaiɗan ne."

Na ce, "Malam, a zaure ka faɗa? A kasuwa ka faɗa, rana tsaka. Can za ka koma ka janye."

Har yau bai je ba. Wai ma yanzu wa'azin haɗin kan ƙasa yake yi a taruka, ko kunya babu!

Makarantar ta zama kango, awaki ke kwana ciki. Amma ɗaliban Yaya duk Sallah suna aika wa juna soyayyen nama daga Borno har Kudu, ni ma ba sa manta ni. Shi Yaya, wannan ya ishe shi. Ni sunansa nake so a wanke. Duk ranar kasuwa ina zaune a rumfar da mutumin nan ya tsaya, ina jiransa.