Birkin Baba: Daga Biu Zuwa Gombe

Asabar, fitowa daga Biu

Ƙarfe biyar da minti arba'in, muna idar da sallar asuba, Baba ya tayar da tsohuwar motarsa muka kama hanyar Gombe. Shekara arba'in ya yi yana jan motar haya kafin ya koma noma, kuma har ranar bai taɓa yarda wani ya zauna masa a kujerar direba ba, har da ni babban ɗansa mai lasisi a aljihu.

Wata biyu ke nan yana kukan birki ya yi tauri. Ya ce laifin busta ne, baƙin ƙarfen nan mai kama da tukunya da ke bayan abin taka birki, wanda ke zuƙar iska daga inji ya sauƙaƙa wa ƙafa aiki. Makanikan Biu sun ce sabuwa zai saya. Ya ce a Gombe akwai mai buɗe ta ya gyara. Ni kuwa abin da ya sa na bi shi daban ne: tun bayan zazzaɓin da ya yi da damina nake ganin yana jan ƙafar dama idan zai tafi masallaci. Tsoro nake ji, amma bakina ya ƙi buɗuwa.

Gangaren Biu da giyar mota ya sauke mu, ba da birki ba. Mun wuce Kwaya Kusar bakwai saura kwata. A gadar Dadin Kowa, takwas da rabi, muka tsaya na sayo mana ƙosai na ɗari biyar. Ɗaya ya ci ya miƙo mini sauran.

Gombe, Kumbiya-Kumbiya

Goma saura minti ashirin muka shiga garejin Malam Sabi'u, wani Bakano mai furfura a gemu wanda aikinsa birki ne kawai. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya sa masa benci a inuwa.

Ya cire tiyon iska, ya kwance noti huɗu ta ƙarƙashin sitiyari, ya zaro bustar. Kafin ya buɗe sai ya ja layi da ƙusa a kan ɓarinta biyu, don ya mayar da su yadda suke. Ya matse ta sosai, ya ce in ja da baya, akwai sifirin a ciki da ke iya cire wa mutum haƙori. Da ta buɗe ya fito da wata roba mai faɗin faifai, ya ɗaga ta saitin rana yana juyawa. Idan ta huje, haske zai ɓullo. Ya juya ta sau uku, ya ja ta, ya sake dubawa. Sai ya yafito ni zuwa bayan rumfa.

"Malam, robar nan ko allura ba ta shige ta ba. Da na shigo da motar na taka, birkin nan lafiyarsa ƙalau."

"To me ke nan?"

"Ka fi ni sani. Na ga tafiyar Baba daga mota zuwa benci."

Na ce ya faɗa masa, shi ne mai sana'a, zai fi jin maganarsa. Ya girgiza kai. "Haba! Dattijo sa'an mahaifina, in dube shi in ce ƙafarsa ce ta mutu? Kai ne ɗansa."

Muka yi cirko-cirko kamar zakaru. A ƙarshe kara ta ci mu duka. Ya sa sabuwar roba, ya shafa giris, ya haɗa layi da layi, ya ɗaura. Ya ce wa Baba, "An samu matsalar, Baba, an gyara." Baba ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba, ya dube ni ya ce, "Ba na faɗa maka ba?" Wallahi murmushin nan ya fi mini zagi ciwo.

Jekadafari

A gidan Goggo Hajara, ƙanwar Baba, a unguwar Jekadafari, muka sauka bayan la'asar. Ta yi mana tuwon masara da miyar kuka. Baba ya ci sosai, yana ba ta labarin zamanin da yake yin Biu zuwa Gombe sau biyu a rana. Da ya fita alwala ta bi shi da ido, ta ce mini, "Idi, yayana ne zai tuƙa ku gobe?" Na ce e. Ta ce, "Allah Ya kiyaye," ta kwashe kwanuka. Ita ma ba ta faɗa masa ba.

Lahadi, komawa

Bakwai daidai muka bar Gombe. Mun yi kamar kilomita ashirin, bayan Kwadon, muka hango shingen jami'an tsaro, ganguna biyu da katako mai ƙusoshi. Baba ya rage giya. Na ga yana ƙoƙarin taka birki, motar kuwa tana ta tafiya. Wata mata mai tallar gyaɗa tana tsaye daidai gangar, goyo a bayanta. Na fizgo birkin hannu da hannu biyu. Motar ta yi ƙara, ta bugi gangar, ta tsaya. Gyaɗa ta watse a kan titi, jaririn ya tsala kuka. Tsakanin matar da ƙarfen gaban motar bai kai kamu ɗaya ba.

Jami'in ya taso a fusace, da ya ga furfura sai ya sassauta. "Baba, birki ne ya ƙi?"

"Jiya aka gyara shi, ɗana," in ji Baba.

Na fita na ba matar haƙuri, muka tsince abin da ya tsintu. Da na dawo na tarar Baba ya gangara gefen hanya yana zaune, hannuwansa a kan sitiyari.

"Me Sabi'u ya ce maka a bayan rumfa?"

Na faɗa masa duka, kaina a ƙasa.

"Kunyata kuka ji," ya ce. "Da na taka yarinyar nan da ɗanta, kunyar wa za ku ji?"

Ya buɗe ƙofa, ya zagaya ta gaban motar yana dafa ta, ya tsaya a ɓangarena har na fito. Na zauna a kujerarsa. Na taka birki da ɗan yatsan ƙafa, ya nutse kamar auduga. A hawan dutsen Biu ya ce, "Sa giya ta biyu."

Gida

Sha ɗaya da kwata muka iso. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tsare matar nan da ɗanta, Ya dawo da mu da rai. Ina gode wa Goggo da ta sauke mu, da Malam Sabi'u, wanda aikin hannunsa ba shi da aibi.

Inna ta fito ƙofar gida, ta gan ni a kujerar direba, ta tsaya turus. Ta dubi Baba ta ce, "Malam, an gyara?"

Ya sauko a hankali, ya jingina da ƙofar motar. "Motar lafiyarta lau," ya ce. "A samo mini sanda."