Tsohuwar da Na Je Ƙonawa a Bungudu

Mun tashi da asuba daga Tsafe, ni da mata biyu masu kai daddawa Gusau, da jakin aro wanda ba ya tafiya sai an roƙe shi. Ƙanena ne ya fitar da ni. Mai dabo-dabo ne: yakan kafa babbar riga a kan sanduna, ya shige ciki, ya ɗago 'yan tsana ta wuyan rigar suna magana. Fatake suka kawo labari wai ya sassaƙa wata tsohuwa mai ɗingishi, ni ce sak, ana ta dariyarta a kasuwanni. Har jikokina an fara yi wa waƙa. Na ɗaure ƙyastu a bakin zane, na ce sai na ƙona ta.

Gero ya yi kai, hanya duk laka. Muka wuce masu haƙa hanyar jirgin ƙasa na Nasara, sun yi jajir da ƙasa. A gindin dutsen Kwatarkwashi muka kwana, wata Bafulatana ta dama mana fura. A Gusau kuwa ba mai karɓar kuɗin wuri yanzu, sai anini mai huda; mai ƙosai ta dubi kuɗina kamar na miƙa mata tsakuwa.

Ranar kasuwa na isa Bungudu, na tarar an kewaye rigar. Ɓarawo ya fito ta wuyan rigar, dogari ya bi shi, aka yi dariya. Sai ga tsohuwar. Ta ja ƙafar hagu, ta tsaya, ta dafa ƙugu. Aka bushe da dariya. Sai ta kira kaji, da wata 'yar murya mai rawa a ƙarshe.

Wannan kiran ba nawa ba ne. Na Innarmu ne, wadda ta rasu tun kafin zuwan Nasara.

Da aka watse ƙanena ya fito jiƙe da gumi, furfura ta cinye gemu.

"Yaya, ke ce da kanki?"

"Na zo ƙona ta, ɗan nema."

"Ga ta, ƙona. Amma ki sani fuskar Inna ta daɗe da ɓace mini. Na ɓata ice ba iyaka. Sai bara, wurin suna, na hango ki za ki rijiya, na ce ga ta nan. Ni ba na fara sassaƙa da fuska, Yaya, da tafiya nake farawa. Na bar gona, na tsufa cikin riga ba a ganina. Wannan ce kaɗai na yi wa kaina."

Na ce ɗankwalinta ya karkace, Inna ba ta ɗaura shi haka. Na gyara mata.

Na dawo Tsafe ƙyastu na nan a ƙulle. Na gane labarin fatake ba ƙarya ba ne, rabi ne. Da yamma na fito ba kaji tsaba, na buɗe baki, sai na ji Inna ce ta yi kiran.