Gudumar da Ya Bar Mini

Jiya a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai wani makanike ya buga ƙarfe, ƙarar ta fito a dushe, sai gabana ya faɗi. Na tuna dattijon ƙungiyarmu ta injiniyoyin layin dogo, wanda ya rasu bara.

A wani aji a Nima muke taro duk wata, ƙamshin waakye, shinkafa da wake, na shigowa ta taga. Da an shafa fatiha, sai ya ajiye ƙaramar gudumarsa a tebur, ya bi mu da ido. "Wa ya taka layi da ƙafarsa a watan nan?" Mu masu kwamfuta sai mu yi tsit.

Wata Asabar ya katse taron, ya kai mu layin, inda mata ke baza tumatir dab da ƙarfe. Yana bugawa, ƙarfen na amsawa kamar ƙararrawa, har ya kai wani mahaɗi. Ya sake bugawa, ya dube ni.

"Ɗiyata, me kika ji?"

"Ban ji bambanci ba, Baba."

"Ya tsage ta ciki. Kuma da la'asar jirgi zai bi nan."

Aka tsayar da jirgin. Da aka kwance ƙarfen, tsagar ta kusa raba shi biyu.

Yanzu gudumar da ya bar mini tana jakata, kuma ni ke sa hannu cewa sashen nan na layin lafiya yake. Ina bugawa, amma har yau duk ƙarar ɗaya ce a kunnena.

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Ni kuma Ya buɗe mini kunne kafin jirgi na gaba ya iso.