Abin da Inna Ta Gani a Ƙasan Bahar Maliya

Daga Misfala zuwa Bahra

'Yan uwana na Kano, kun sha tambayata ko tun da aure ya kawo ni Makka na taɓa leƙa wani wuri ban da Harami da Madina. To ga labarin yini guda da muka yi a kan ruwa, ni da maigidana da mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna.

Mun fito daga gidanmu na unguwar Misfala ana idar da sallar asuba, taurari ba su gama ɓacewa ba. Ina riƙe da kwandon abinci, Maigida ya saɓa tulun Zamzam, Inna tana dafe da kafaɗata saboda yanar ido ta fara rufe mata gani. Tana ganin haske da launi, amma fuskar mutum sai ya matso. Ita ce ta nemi tafiyar. Wajen shekara talatin ke nan da ta haye teku daga Sawakin ta ƙasar Sudan, ita da marigayi mijinta, a jirgin katako mai tafiya da iska wanda ake kira sambuk. Iska ta ɗauke musu kwana da kwanaki, ruwan sha ya yi ƙaranci, 'yarsu ta fari ta rasu a cinyarta, ba a daɗe da yaye ta ba. Aka sallace ta, aka saka ta a ruwa kusa da wani tsibiri. Tun ranar Inna ba ta ƙara kallon teku ba. Bana ta ce sai ta ga wurin kafin idon ya rufe gaba ɗaya.

Muka shiga motar Jidda a bakin gari, irin mai bencin katako. Hanyar mil arba'in ce da wani abu, an zuba mata kwalta. A shingen iyakar Harami soja ya leƙo ya ga tsohuwa, bai ma karɓi takardunmu ba ya ɗaga hannu.

Rana na fitowa muka tsaya a Bahra, inda rumfunan shayi suke. Aka kawo mana gurasar tamis da wake da shayi mai na'ana'a. Kun san Inna irin matan da ce, sunan 'yar fari ba ya fita daga bakinta. Maigida a Makka aka haife shi bayan rasuwar, kuma har ya yi gemu bai san sunan yayarsa ba.

Ya ce, "Inna, in mun je zan yi addu'a. Wa zan ce?"

"Ka ce yayarka."

"Tayyib, amma ai yayar tawa tana da suna."

"Allah ya san sunan. Sha shayinka zai huce."

Da muka koma mota ta jawo ni kusa. "Ke 'yar boko, a makarantarku an gaya muku abin da ke ƙarƙashin teku?"

Na ce mu dai shuɗin fenti muka gani a taswira.

Ta ce, "Ni duhu nake gani. Kamar rijiyar da ba ta da ƙarshe. Yarinyar kuwa tsoron duhu take yi, ko ɗaki ba ta yarda a kashe fitila."

Na riƙe hannunta har Jidda.

Bakin ruwa

Da hantsi muka isa. Iskar Jidda mai nauyi ce, tana manne wa mutum a jiki, tana warin gishiri da kifi. Wanda zai ɗauke mu wani dattijo ne masunci, Baba Salihu, asalinsa Basakkwace, amma tun yana saurayi yake wannan gaɓa. Maigida ne ke ɗinka masa riguna. Shi da ƙaninsa suke aikin jirgin. Ma'aikacin tsaron gaɓa ya duba takardu, ya ce lalle mu dawo kafin faɗuwar rana.

Inna ta tsaya a bakin jirgin, ƙafarta ta ƙi ɗaguwa. Baba Salihu ya ce, "Shuwayya shuwayya, a hankali, Hajiya. Wanga ruwa yau kwance yake kamar tabarma."

Ta yi bisimilla ta shiga, ta zauna ta ba ruwan baya, ta ja mayafi.

Ya tambaye ta abin da take tunawa game da tsibirin. Ta ce farin yashi, babu bishiya ko ɗaya, tsuntsaye farare da yawa, kuma sun ɓuya a bayansa don gudun masu tsaron gaɓa har dare kafin su sauka.

Ya ce, "Ba ni yi miki ƙarya, irinsa ba ɗaya ba ne. Amma akwai wanda jiragen Sawakin suka fi laɓewa bayansa a wancan zamani. Can za ni kai ki."

Ta ce, "Kai ni."

A kan teku

Suka ɗaga ƙyallen jirgi, iska ta cika shi, gari ya fara ja da baya. Fararen gidajen Jidda suka ƙanƙance har suka zama kamar an jera ƙwai a faifai. Babu ƙarar inji, sai kukan igiya da ruwa yana lasar katako. Launin ruwan ya yi ta sauyawa: kore kamar ganyen zogale, can ya koma shuɗi mai duhu irin na karofin Ƙofar Mata. Na jingina, gyangyaɗi na ɗaukata yana saki, har na rasa ko mu ke tafiya ko sararin sama ne ke wucewa.

Maigida kuwa ya rungume tulu, fuskarsa ta yi toka. Baba Salihu ya ce, "Ɗan Makka ke nan. Bai san ruwan da ya wuce na buta ba."

"Baba, ka bar ni da abin da ke damuna."

"In za ka mayar da waken Bahra, ta can gefen, kada ka kore min kifi."

Na ji kafaɗar Inna ta motsa a ƙarƙashin mayafi. Dariya ce ta ƙwace mata.

Tsibirin tsuntsaye

Kusan azahar muka hango shi, wani farin zare a kan ruwa. Da muka matso tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, suka rufe mana rana na ɗan lokaci. Inna ta ji kukansu ta ɗago kai. Ta daɗe tana saurare. Ba ta ce shi ne ba, ba ta ce ba shi ba ne.

Muka sauka muka yi salla a kan yashin, mai laushi kamar garin tuwo. Ƙanin Baba Salihu ya gasa mana jan kifi da ya kama a hanya, muka haɗa da shinkafar da na dafo da furar da Inna ta dama. Ita ko loma biyu ba ta yi ba.

Bayan nan Baba Salihu ya tura jirgin zuwa inda ruwan ya ɗan yi zurfi, ya jefa anga don jirgin ya tsaya. Ya ciro wata garwar kananzir da aka yanke gindinta aka sa gilashi, aka liƙe da kwalta. Da ita suke neman kifi. Sai ka danna gindin cikin ruwa, ka cusa fuskarka a bakin. Ya miƙa wa Inna, ta kau da kai.

"Ba wa 'yar boko ta duba. In duhu ne ta gaya min gaskiya."

Na durƙusa a gefen jirgin na sa fuskata. 'Yan uwa, na manta da numfashi. Rana tana sauka har ƙasa, zare-zare, tana rawa a kan yashi. Murjanin da muke ratayawa a wuya ashe a nan tsiro yake yi, wani kamar ƙahon barewa, wani faffaɗa kamar faifai, ja da ruwan hoda da ruwan ƙwai. Kifaye suna shiga suna fita a tsakaninsa, wani rawaya mai ratsin baƙi, wani kore da shuɗi kamar atamfar biki. Ƙanana kuwa garke guda suke juyawa, kamar wani ne ke kaɗa musu mayafi. Babu mai sauri. Na yi ta subhanallahi a cikin garwar.

Inna ta ja min zane. "Me kika gani?"

"Inna, babu duhu."

"Kada ki lallashe ni."

"Wallahi lambu ne. Zo ki gani da kanki."

Maigida ya riƙe ta ta ƙugu, ni na tallabe garwar. Ta ce idonta ba zai gani ba. Baba Salihu ya ce, "Launi dai kina gani, ko? To nan ba abin da ya fi launi yawa."

Ta sa fuskarta. Jirgin yana lilo a hankali, tsuntsayen sun koma sun sauka. Hannuna ya sage amma ban motsa ba. Na ga yatsunta da suka damƙe bakin katako suna sakewa ɗaya bayan ɗaya.

Can ta yi magana. Ita a ganinta raɗa take yi, ba ta san garwa tana ƙara murya ba. Duk wanda ke cikin jirgin ya ji.

"Rakiya. Ashe cikin haske kike."

Baba Salihu ya juya ya kama gyaran igiyar da ba ta lalace ba. Ƙaninsa ya ƙura wa tsibiri ido. Maigida ya sunkuyar da kai, hawaye suna bin gemunsa.

Da ta ɗago, fuskarta da shatin bakin garwa, ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Gishirin nan yana da yaji." Muka ce ƙwarai kuwa. Sannan ta dubi ɗanta. "Yi addu'arka." Ya ɗaga hannu ya yi wa yayarsa addu'a, a fili bai kama suna ba, amma na ga leɓensa.

Komawa

A dawowa Inna ta zauna tana fuskantar ruwa, ta sa hannu tana taɓa shi. Ta cinye sauran kifin, ta ce gishirinsa bai ji ba. Rana tana ja muka taɓa gaɓar Jidda, muka yi magariba a nan. Baba Salihu ya raka mu har mota, ya ce wa Maigida ya koyi iyo ko a baho ne. Tun kafin Bahra Inna ta yi barci a kafaɗata, barci mai nauyi, har da minshari, direba yana murmushi.

Bayan isha muka shigo Misfala. Na shimfiɗa mata, na fito na tarar da Maigida a tsakar gida.

Ya ce, "Kin ji?"

Na ce, "Na ji."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ya kuma bar wa Inna ganin da ya ishe ta wannan rana. Allah ya saka wa Baba Salihu da ƙaninsa. Ku sa Rakiya a addu'arku. Amma in Allah ya kawo ku aikin hajji kuka sauka a gidanmu, don Allah kada ku nuna wa Inna kun san sunan.