Saura Kaɗan da Matar Gefen Hoto

Rigimar farko da na ga an kayar da shi, Mai Kitso ce ta yi masa, kuma a kan mutumin da ko haihuwarsa ba a taɓa yi ba.

Tana da wani faifan fim da ta yi shekaru tana kallo, labarin wani masunci da ya sha baƙar wuya kafin a ba shi wadda yake so. Faifan ya sha karce. Kullum in an zo inda ake rawar biki sai ya cije, hoto ya tsaya cak, ango na dariya haƙora waje. Ita a wurinta nan fim ya ƙare, sai ta tashi ta kashe ta kama harkarta. Da na'urar gidanta ta mutu, ta kawo masa faifan ya juye mata a waya. Shi kuma bawan Allah ya zauna ya goge, ya lallaɓa, har faifan ya wuce inda yake cijewa. Ashe bayan rawar akwai sauran labari. Ango ya shiga kwalekwale, iska ta taso, ruwa ya ci shi.

Washegari sai ga ta, ɗankwali a karkace.

"Kai ne ka kashe shi?"

"Wa fa, Anti?"

"Masuncin. Shekara da shekaru yana gidana lafiyarsa ƙalau, ya kwana a shagonka ka jefa shi a ruwa."

Ya fara yi mata bayani, wai haka masu fim suka tsara, shi bai ƙara ko ƙwayar hoto ba.

Ta ce, "Ni na aike ka ka tono? In mace ta zauna a gabana ta ce kitso, ka taɓa jin na yi mata aski?"

Jama'a sun taru, kowa ya goyi bayanta. Ni ma ita na bi, don gefenta ya fi daɗi. A gabanmu ya zauna ya datse ƙarshen fim ɗin, ya mayar mata da angonta yana dariya. Tana fita ta juyo ta ce ya riƙa jin tsoron Allah.

Wannan shi ne Saura Kaɗan. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar benen da muke haya, jikin nawa inda nake sayar da zare da maɓalli. In na ce shago na yi masa kara. Wuri ne da in ya miƙe tsaye da gaggawa sai siminti ya gaishe da ƙeyarsa. A ciki akwai tebur, kujera mai ƙafa ɗaya ta aro, da tsohuwar kwamfuta da yake rufa wa tawul kamar jaririya. Akwai 'yar fanka, amma ba tasa ba ce, ta kwamfutar ce. Shi yana zufa, ita tana shan iska.

Aikinsa shi ne ya ɗauki fim daga faifai ya matse shi har ya shiga ɗan memorin waya. Yayin da ake juyewar, wani koren layi ne ke rarrafe a fuskar kwamfutar, kuma duk wanda ya leƙo ya ce, "Malam, yaya?" amsa ɗaya ce: "Saura kaɗan." Layin yana farko, saura kaɗan. Yana tsakiya, saura kaɗan. An ɗauke wuta komai ya lalace, saura kaɗan. Har sunansa na yanka ya ɓace, mai kawo takardar wuta ma da wannan yake kiransa.

Da gyaran rediyo ya fara, ya koma ba da hayar faifai, da waya ta shigo ta cinye kasuwar sai ya bi ta. Abin da ke cin lokacinsa kuwa, ba ya ba da fim sai ya kalle shi tun daga farko har ƙarshe. Wai wani lokaci wurin matsewa murya takan rabu da baki, ka ga mutum ya mari wani, sai an jima ka ji tas. Shi wannan ba ya iya jure shi. Ya kalli fina-finan da ko a kyauta ba zai so ba, fuska a murtuke, yana bin leɓen mutane da ido kamar mai neman ƙarya. Na taɓa ce masa da haka yake duban matarsa in tana magana, da ba ta kawo mini ƙararsa ba.

Matar tasa, Auta, 'yar aminiyata ce. Uwarta ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta, mace mai bakin da ya kusa kamo nawa. Uban kuwa tsohon direban babbar mota ne, kowa Baba yake ce masa. A bara ciwo ya kwantar da shi. Ba ya iya zama, ido kuma ya yi rauni, talabijin ɗin da ke bango ba ya ganin komai a ciki sai haske. Waya kaɗai yake gani, in an kawo ta daf da hancinsa.

Wata rana ya ce a nemo masa faifan ranar da babban ɗansa ya buɗe shagon tayoyi. Ya ce marigayiya tana ciki, da gyale ruwan ƙwai, yana son ya gan ta. Ni ba zan iya ba da shaida ba, don ba a gayyace ni bikin ba, kuma ban manta ba.

Babban ɗan, wanda Auta da mijinta ke kira Yaya, mutum ne mai sauri. A tsaye yake gaisuwa, makullin mota na yawo a yatsa. Bai kawo wa surukinsa faifan ba, ya ce ba shi da ran jiran saura kaɗan. Ya kai wani babban shago a kasuwa, kafin ya gama amsa waya an juye masa, hoto ya cika fuskar wayar tam, tsaye, yadda ake yayi yanzu.

Baba ya kalla daga farko har ƙarshe. Ya ga Yaya yana yanka ƙyalle, ya ga kansa a kujera, ya ga tayoyi. Bai ga gyale ruwan ƙwai ba. Ya ce a sake. Aka sake.

Yaya ya ce, "Baba, Inna ta zo, amma can baya ta zauna cikin mata. Mai ɗauka bai kai wurin ba. Ka dai haɗa da wata ranar ce."

Auta ba ta iya musawa ba, don an daɗe rabon da a kalli faifan.

Tsoho bai yi gardama ba, kuma wannan ne ya tayar mana da hankali, don shi mutum ne da zai yi musu da agogo. Ya miƙa wayar, ya juya fuska bango. Da na je gaishe shi ya ce da ni a hankali, "Gwaggo, ashe kan ma ya fara tafiya. In wannan ban tuna daidai ba, to me na tuna daidai?" Daga nan ya rage magana. Labaran hanya da yake ƙosar da mu da su duk ya daina, in an tambaye shi abu sai ya ce a tambayi yara, su ne masu hankali. Abinci ma sai an yi da gaske.

Saura Kaɗan ya karɓi wayar a hannun matarsa ya kalla. Bai je ko'ina ba ya tsayar.

Ya ce, "Gwaggo, zo ki gani. Allon shagon nan me aka rubuta?"

Na ce, "Ni da tabarau ɗina ke gida?"

"Rabin suna ne. Wa zai ɗauki bikin buɗe shago ya yanke sunan shagon? Hoton faifai mai faɗi ne, waya kuma a tsaye siririya ce. Don ya cika ta, sun datse dama da hagu sun zubar."

Na ce, "To uwar matarka tana cikin abin da aka zubar?"

Ya ce bai sani ba, sai ya ga faifan. Wannan halin nasa yana ba ni haushi, kuma shi ya sa nake yarda da shi.

Samo faifan ma aiki ne. Yaya ya ce an gama da shi, a bar tsoho ya huta, kada a sake tayar masa da abin da babu. Auta ce ta je ta tono shi a aljihun ƙofar motar, tsakanin sifana da bawon lemo, ko gidansa babu. Da ya iso shago bayansa kamar an yi wasan kyanwa a kai. Kwamfutar ta haɗiye shi, ta yi ƙugi, ta tofo shi.

Ya wanke shi da ruwa. Ya ɗiga man goge baki a tsumma mai laushi yana murzawa daga tsakiya zuwa baki, ba ya zagayawa, ya ɗauraye, ya shanya, ya sake sakawa. Ya rage wa na'urar gudu yadda za ta bi a hankali. Koren layin ya yi tafiyar da ko ni da gwiwata zan wuce shi. Masu kawo fina-finan faɗa da na soyayya ya ce su dawo wani satin. Mai Kitso ta leƙo ta tambayi wa kuma zai kashe, bai ko ɗago ba.

Da rana tsaka, ina cikin auna wa wata zare, na ji ya ce, "Gwaggo." Muryar ce ta sa na bar matar tsaye.

Ga marigayiya nan a fuskar kwamfutar. Can ƙarshen hagu, rabin kafaɗarta ma a waje, gyale ruwan ƙwai, tana fifita da kwalin gayyata. Ba ta kallon ɗanta da ƙyallensa, mijinta take harara. Na ce, "Ji munafuka, ko a hoto sai ta raɓe." Daga nan wani abu ya shiga mini ido, kuma shagon nan ƙura gare shi.

Na ɗauka zai juye hoton da faɗinsa ya kai. Ya gwada, ya riƙe wayar daf da hancinsa yadda Baba ke yi, ya runtse ido, ya girgiza kai. A hakan ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Sai ya yi abin da masu kasuwa suka yi, amma ta ɗaya gefen. Ya jawo hagun ya cika fuskar wayar da ita, ya zubar da sauran. Ya bi faifan yana tsinto duk inda ta leƙo yana haɗawa. Hoton ya ɗan yi dishi-dishi, ya ce idon Baba ma haka yake, za su daidaita. A wani wuri bakinta ya motsa, kiɗa ya danne. Ya yi ta rage kiɗan yana ɗago muryar, yana matsar da ita gaba da baya har ta zauna daidai kan leɓenta.

Tare muka je, ni da shi da Auta. Ɗakin na warin man zafi, labule a sauke. Ya durƙusa bakin gadon ya ce, "Baba, ga wani abu ka duba mini, ko na yi daidai."

Tsoho ya karɓi wayar ba da so ba. Ya kawo ta kusa. Muka ga hasken ruwan ƙwai a kan fuskarsa. Sai muryarta ta fito, siririya, da 'yar tsawar nan tata: "Gyara hularka mana, ana ɗauka."

Hannunsa ya tafi kansa, inda babu hula.

Ya ƙara matso da wayar. Can ya ce, "Na ce muku ruwan ƙwai ne." Ya dubi Auta. "Ke kuma kina tsaye, ba za a ba mutum shayi ba a gidan nan?" Kafin shayin ya iso ya fara ba mu labarin inda ya sayo gyalen, da yadda ta ce launin bai yi mata ba, ta kuma saka shi har ya koɗe. Mun taɓa ji. Muka zauna muka sake ji.

Ana cikin haka Yaya ya shigo, a tsaye kamar kullum. Auta ta nuna masa. Ya kalla, fuskarsa ta yi laushi. Da ya bar shi a nan da mun rabu lafiya. Amma ya ja hoton gaba, ya ja baya, ya fito tsakar gida ya kira surukinsa.

"Ina nake a ciki?"

"Cikakken yana nan, Yaya, na ajiye maka daban."

"Ba shi na tambaya ba. Wanda ke hannun Baba. Bikina ne, shagona ne, ni na kira mai ɗauka. Ka cire ni, ka cire shagon, ko taya ɗaya ba ka bari ba. Gwiwar hannuna kawai na gani."

Auta ta ce, "Yaya, a hankali, yana ji."

"Ya ji mana. Tsoho zai kwana yana kallon abu, ɗansa na fari ba ya ciki? Wa ya ba ka izinin zaɓar wanda zai gani?"

Na gyara tsayuwa, don na san Saura Kaɗan ba ya iya faɗa, ko kaza ta tare shi a hanya shi ke ba ta wuri. Ya sunkuyar da kai yana naɗe igiyar caji a yatsunsa, har na fara shirya bakina in taya shi. Sai ya ɗago, ya nuna ƙofar ɗakin da haɓa.

"Ita ce ba ta da hanyar shigowa sai ta waya, Yaya. Kai ga ƙofa nan, kuma akwai kujera."